Maigida ya dage sai an sa wa 'yarmu Nura

Salam jama'a, a taimaka min. Na haihu mace, maigida ya yi mata huɗuba da Nura, sunan ƙaninsa da ya rasu, wai ai a Saudiyya sunan mata ne. To amma mu nan Kano duk wanda ya ji Nura namiji yake kawowa, 'yan barka ma sai su ce "ashe namiji aka samu". Na roƙe shi a mayar Nuriyya ko Nuratu ya ƙi, na tura masa yayarsa suka rabu baram-baram, liman kuma ya ce ba haramun ba ne, sai ya ƙara samun ƙarfi. Wallahi tsokanar 'yan makaranta nake jiye mata, ga suna jibi.

A shari'a uwa tana da haƙƙin hana sunan da take ganin zai cutar da 'yarta?