Python ta ba ni 55 maimakon 10, ina na kuskure?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati uku ke nan da na fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, jiya kuma na cije. Na rubuta 'yar manhaja da za ta karɓi lamba biyu ta haɗa su:

a = input("Lamba ta farko: ")
b = input("Lamba ta biyu: ")
print(a + b)

Na sa 5 da 5, sai ta fito min da 55. Da na ƙara layin if a > 3: kuma, sai ga saƙon kuskure wai TypeError. Sannan akwai wani darasi da na kwafa, an rubuta print "sannu" babu baka, ni kuwa ya ƙi tashi a wurina. Don Allah a taimaka, abin ya fara sare min gwiwa.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka karaya, matsalolinka biyun farko tushensu ɗaya ne. Duk abin da input ta karɓa, rubutu take ɗaukarsa, ko da lamba ka buga. A wurinta "5" harafi ne kamar "b". Alamar + tsakanin rubutu biyu kuwa jera su take yi, shi ya sa 5 ta manne da 5. Haka ma ba za ta iya auna rubutu da lamba 3 ta ce wane ya fi ba. Sai ka mayar da shi lamba tun daga ƙofa:

a = int(input("Lamba ta farko: "))

Ka yi wa b haka. Amma ka kula, idan wani ya buga 5.5, int za ta ƙi, ta ba ka ValueError. A nan float ake sawa a madadin int, ita ce ke karɓar lamba mai ɗigo.

Amsa ta biyu:
Darasin nan na Python 2 ne, malam, ka rabu da shi. Tun da Python 3 ta fito a 2008 print ke buƙatar baka biyu, ita kuwa Python 2 an daina kula da ita a Janairun 2020.

Amsa ta uku:
Tun da ka shiga if, ga abin da ya cinye min kwana biyu ina farawa. Bayan ruwa biyun da ke ƙarshen layin, layin da ke biye dole ya matsa ciki. Tazara huɗu aka saba. Ni na gauraya Tab da tazara, a ido layukan sun daidaita sarai, Python kuwa tana ta cewa TabError. Sai da na goge farkon kowane layi na sake bugawa. Kuma idan kuskure ya fito, fara karantawa daga layin ƙarshe, can ne sunansa yake, lambar layin da ya lalace tana sama kaɗan.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, na sa int, 10 ta fito. Yanzu kuma na rubuta if a = 5: ta ce SyntaxError.

Amsa ta farko:
Alamar = guda ɗaya ajiye ƙima take yi. Idan tambaya kake yi ko sun yi daidai, biyu za ka sa: if a == 5: