"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba": har da ciwo?

Mai Albasa, kasuwar Mile 12, Legas: Assalamu alaikum. A warware mini wannan karin maganar: "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Duk ɗan dakon da muka ce ya je a duba shi, ita yake jawo mana. Shin ciwo ma yana cikin abin da ake haɗiyewa?

Baba na Agege: Wa'alaikumussalam. Kan riƙon sirri magabata suka faɗe ta: an ba ka amana, ko ka ga asirin maƙwabci, ka bar shi a cikinka. Amma ina ganin tana da gurbi a nan ma. Wanda ya baro Sakkwato ko Katsina, baki goma na jiran aikensa, in ya buga waya gida yana cewa ba lafiya, hankalin mahaifiyarsa da iyalinsa kawai zai tayar. Da haƙuri aka san namiji.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Sirrin wani daban, hawan jini daban. Shi ba ya sallama. Mutum sai ya yi shekaru da shi bai ji komai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace. Awon 'yan mintuna ne, kemis da yawa suna yi. In ana ta samun 140/90 ko sama da haka, a ga likita, a haɗa da gwajin suga. Dattijon da fitsari ke masa gardama, ko yake ta tashi cikin dare, don Allah kada kunya ta rufe masa baki. Baki goman nan, Baba, wa zai ciyar da su in mai nema ya kwanta?

Ɗan Obalende: Hausawan da suka faɗi waccan ai su suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ni na zuciya ya fi damuna. Da aka hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi a 2022, na ga samari sun sauya a gabana. Akwai wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi, ya daina barci, ya daina zama majalisa, shayi ma sai ya huce a hannunsa. Abin da muka iya ce masa kawai: "Yi ta maza." Daga nan ya koma tiramol.

Malam, Alaba Rago: Allah ya ba shi lafiya. Haƙuri bai hana neman magani ba. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Wanda ya kai kukansa ga likita bai tona asirin kowa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Ɗan'uwa, abin da ka lissafa alamun ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Mutanenmu da sun ji an ce asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba sai su ce an mai da su mahaukata, alhali da yawa da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma kasuwa. Asibitocin koyarwa na jami'a, LUTH da LASUTH, su ma suna da sashen kula da irin wannan ciwo. Kada ka ce masa ya je. Ka raka shi.

Baba na Agege: 'Yata, batun likita na karɓa. Na kiran gida kuwa ina nan kan bakana: tsohuwa ba za ta ji daga bakina ba.

Mai Albasa, Mile 12: To matarsa fa, Baba? Ita ma a ɓoye mata?