Zanen ruwan rufi ya ƙi fita daga gilashin gaban mota mai ɗaki, a taimaka

Baban_Hanifa:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ina masu harka da manyan motoci, musamman ku da ke nan Amurka. Na sayi irin motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, RV, ta hannu ce, babbar nan mai siffar luzuriyos da gilashin gabanta yake tsaye. Matsalar ita ce duk sanda aka yi ruwa ko raɓa ta sauka da asuba sai ruwa ya gangaro daga rufi ya bar layi-layi a gilashin, wasu farare wasu baƙi-baƙi. Na wanke da sabulun mota, na fesa Windex na goge, in da lema sai ka ga kamar sun fita amma yana bushewa sai su dawo, kuma da daddare in fitilar motar da ke tahowa ta haske gilashin wlh da ƙyar nake ganin hanya. A San Antonio ta jihar Teksas nake, motar a waje take kwana kuma akwai bishiya kusa. Me zan sa mata?

Oga_Mai_Wanki_Kano:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mu nan ba mu da irin motarku amma wannan zanen mun san shi sarai, duk Hiace ko Kosta mai kariya a sama tana yinsa da damina, nasu ma har da jan tsatsa. Ka samu ruwan khal fari ka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ka jiƙa tawul ka manna a wurin kamar minti 5, kar ka bari ya bushe, sai ka murza ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Amma fa da sassafe ko da yamma, gilashi mai zafi ba a wanke shi, sabulun bushewa yake a kai ya ƙara maka wani zanen, in kuma akwai ɗan tsagewa ruwan sanyi zai iya jan ta. Sannan kar ka taɓa sa busasshen tsumma a gilashi mai ƙura, shi ke kawo ƙarce.

Dan_Gayu:
Harpic kawai zaka zuba oga, minti ɗaya ya tashi 😂

Oga_Mai_Wanki_Kano:
Haba Dan Gayu, so kake ka ɓata wa bawan Allah mota? Asid ne fa a cikinsa, in ya zubo kan fenti ko ƙarfen waifa shikenan. Bar shi a banɗaki.

Malam_na_Indiyana:
Baban Hanifa barka da sabuwar mota, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Ni a kusa da Elkhart nake, garin da ake ƙera mafi yawan irin waɗannan motocin a Amurka, toh kullum muna ganin wannan. Maganar gsky gilashinka lafiyarsa lau, rufin ne ke zubar da datti, in ka wanke gilashi sau ɗari baka hau sama ba ruwan farko zai maida kai inda kake.

Ka fara hawa ka ga irin rufin. Ko dai roba ce da suke ce ma EPDM, ko wata irin robar mai suna TPO, ko faiba. Ka shafa da baƙin tsumma mai lema, in ya dawo da farin gari toh rana ce ta ci saman robar tana zubar da alli, EPDM haka take in ta tsufa, kuma faibar da ke saman goshin motar ita ma tana yin hakan in an daɗe ba a sa mata folish ba. Wannan shi ne farin layin. Baƙin kuma ƙura ce da hayaƙi da dattin bishiya da kashin tsuntsu da suka taru a sama, har da dattin da ke maƙalewa a jikin gam ɗin da aka liƙe gefen fitilun goshi da shi. Sannan akwai AC na rufi, yawancinsu ba su da bututun fitar da ruwa, a kan rufin suke ɗigar da shi, in gaban motar ya ɗan yi ƙasa duk ta gilashi zai biyo ko da ba a yi ruwan sama ba, kai kuma a zafin Teksas na san ba kashe shi kake ba.

Wankin rufi: sabulu mai sauƙi ko wanda aka yi don rufin roba, da buroshi mai laushi mai dogon hannu. Ka fara jiƙa jikin motar da gilashin da tiyo kafin ka soma, kana wanke ɗan yanki kana ɗauraye har ƙasa, in ba haka ba farin ruwan nan zai bushe a jikin motar ka sake sabon aiki. Fetur, kananzir, tina, da duk wani abin wanki mai man fetur ko man ɓawon lemo a ciki kar su kusanci robar, kumbura ta suke su saki gam ɗin ƙasanta. Kuma dan Allah a kula, jiƙaƙƙen rufin nan santsi gare shi sosai, ga tsayi wajen ƙafa 12, a samu wani ya tsaya a ƙasa. Sau 3 ko 4 a shekara ya wadatar.

Sai gilashin. Abin da Oga ya faɗa na khal daidai ne, musamman kai da ke San Antonio, ruwanku daga ƙarƙashin dutsen farar ƙasa yake fitowa, farar ƙasar ta narke a cikinsa da yawa, wani farin tabon ma ruwan tiyonka ne ya bar shi ba rufi ba, shi ya sa Windex bai taɓa shi ba. Ka dinga tsane gilashin da robar share ruwa nan take. In khal bai ɗauke duka ba ka sayi yumɓun goge mota a shagon kayan mota, ka fesa ruwan sabulu ka dinga bi da shi a hankali, za ka ji yana kama ƙazantar. Wanda ya fi taurin kai soson ƙarfe mai lamba 0000, sifili huɗu fa ba ƙasa da haka ba, sabo, a jiƙe, kuma ka gwada a can kusurwa tukuna. Ƙaron bishiya kuwa sifirit ko sabuwar reza a kwance kan jiƙaƙƙen gilashi. In duk ka yi wannan gilashin ya yi sumul a hannu amma har yanzu inuwar layin tana nan, toh ruwan ya ci cikin gilashin ne, sai a goge da hodar goge gilashi ta cerium oxide, wannan kam gara ka kai wa masu aikin.

Maman_Twins_UK:
Yaya mu tamu motar ƙarama ce a nan Ingila amma ruwan sama kullum ne sai mun fi ku shan wannan wahalar. Abu biyu zan ƙara. Soson ƙarfe da reza gilashin gaba kaɗai fa, don tagogin gefe na motoci irin namu yawanci roba ce ba gilashi ba, kana taɓawa ta ƙarce, haka in akwai tinti. Na biyu akwai wata siririyar roba mai gam a baya da ake mannawa saman gilashi ta zama indararo, tana kai ruwan gefe, tunda maigida ya sa mana ita muka huta.

Baban_Hanifa:
Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Malam na hau na duba yanzu, roba ce kuma tsumman fari fat ya dawo, sannan gaban motar ne ya fi ƙasa inda nake ajiye ta. Zan iya ɗaga gaban da jak ɗinta? Kuma Rain-X fa, ruwan nan da ake shafa wa gilashi don ruwa ya dinga zamewa, in sa?

Malam_na_Indiyana:
Ka juya ta kawai gaban ya koma wajen tudun, ko ka ɗaga kaɗan yadda ruwa zai bi ta baya, amma kar ka karkatar da yawa in firjinka irin mai aiki da gas ne kuma yana kunne, shi sai a daidaitaccen wuri yake aiki lafiya. Rain-X ka sa amma sai gilashin ya fita tas ya bushe, in ka shafa shi kan tabo rufe tabon kawai za ka yi. Robar waifa ma ka goge ta da sifirit, in ta yi tauri ka canza, don allin nan ya riga ya shiga jikinta.