Na samu hutun shekara ɗaya ina so in zaga duniya, ta ina zan fara shiri?

Bako_Abuja:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba yawon ƙasashe. Shekarata 11 ina aikin akanta a wani kamfani a Abuja, wallahi na yi irin gajiyar da hutun sati uku ba ya maganinta, to na samu oga mun zauna kuma ya amince a ba ni hutun shekara ɗaya ba albashi, in na dawo kujerata tana nan. Tun ina sakandare nake da burin nan, akwai taswirar duniya a bangon ajinmu da nake tsayawa ina bi da yatsa. Abin da ke raina shi ne in tashi daga Kano in je Masar, Turkiyya, Uzbekistan saboda Bukhara da Samarkand, sai Indiya, Malesiya, Japan, in tsallaka Amurka ko Brazil, in biyo ta Sifaniya da Maroko in dawo gida, kamar wata tara dai. Fasfona na Najeriya ne mai shafi 32, saura shekara biyu ya ƙare, Saudiyya da Ghana kawai na taɓa zuwa. Ina da mata da yara biyu, Hajiyata tana Zariya. Saura wata bakwai hutun ya fara. In sayi tikitin zagaya duniya ɗin nan da ake faɗa ne ko in riƙa saye ɗaya-ɗaya? Kuɗi ya zan riƙe su? Me na manta?

Matafiyi77:
Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya cika maka buri. Amma ka ajiye maganar tikiti tukuna. Mai koren fasfo ba shi ke zana hanyarsa ba, biza ce ke zana masa, kuma duk ƙasashen nan da ka lissafa babu wadda za ka shiga hannu a aljihu.

Matsalar da mutane ba sa gani ita ce lokaci. Yawancin ofisoshin jakadanci sai a ƙasar da kake zaune suke karɓar takardunka, ba za ka tsaya a Kuala Lumpur da bizar yawon buɗe ido ka ce kana neman ta Sifaniya ba, cewa za su yi ka koma gida ka nema. Ita kuma Shengen, bizar da ake shiga Sifaniya da yawancin ƙasashen Turai da ita, ba a karɓar nema sai in saura wata 6 ko ƙasa da haka a yi tafiyar, to kai da ka sa Sifaniya a wata na takwas ka ga lissafin bai haɗu ba tun daga nan. Kuma sai da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, kuɗin neman Yuro 90 tun 2024, in sun hana ka kuɗin ya tafi.

Sai wucewa kawai ta filin jirgi. Ɗan Najeriya ko canjin jirgi zai yi a Landan ko Faris ko Frankfurt ba tare da ya fita ba sai da bizar wucewa, in dai ba ya riƙe da wata biza da ke ɗauke masa. Amurka ma haka, ba ta san wani wai wucewa kawai zan yi ba. Na ga wani bawan Allah a Legas da jakarsa an riga an auna, ma'aikaciyar kamfanin jirgin ta duba fasfo ta ce ba zai hau ba, Barbados za shi inda ba ma buƙatar biza amma jirgin ta Landan zai bi, ya zauna a kan jakar nan ya dafe kai har muka shige bai motsa ba. Shi ya sa Addis Ababa, Doha da Istanbul su ne ƙofofinmu, daga dukkansu akwai jirgi kai tsaye zuwa Sao Paulo.

Da ni ne kai zan raba tafiyar gida uku, in fita wata biyu da rabi in dawo Abuja in yi wata guda ina neman bizar zango na gaba. Ka fara da inda babu wahala, Senegal da Kwaddibuwa ƴan ECOWAS ne ba biza, Ruwanda tana ba ƴan Afirka kwana 30, Maldives a filin jirgi ake bugawa. Fasfon da ya sha hatimi na shiga da fita a kan lokaci ya fi magana a gaban jami'in biza. Kuma ka canza fasfo tun yanzu ka karɓi mai shafi 64 na shekara 10, shafi 32 ba zai kai ka ko'ina ba, biza ɗaya shafi guda take cinyewa ban da hatimai.

Maman_Hanif:
Yaya Bako ni ba ta biza zan yi magana ba. Ka ce ka zauna da oga, to ka zauna da uwar gida kuwa? Don ban ga ka faɗa ba. Wata tara ba kwana tara ba ne, mijina ya yi kwas na wata biyar a waje na san abin da na gani, ƙaramin ya kwana da zazzaɓi ƙarfe biyun dare ni kaɗai nake neman mai mota, da safe kuma ga kuɗin makaranta ga mai gidan haya ya aiko. Shawarar rabawa ukun nan ita ce daidai ko don iyalinka, kuma ko zango ɗaya ne ka tafi da ita, ita ma tana da idon ganin duniya. Hajiya kuma ka je Zariya da ƙafarka ka faɗa mata, kar ta ji a waya, in ta sa albarka shi kenan.

Kafin ka tafi ka biya haya da kuɗin makaranta na shekara gaba ɗaya, ka ware kuɗin cefane a asusun da madam ke iya cira da kanta ba sai ta jira ka samu intanet ba. Sannan maganar oga, don Allah a rubuce, da sa hannu da ranar dawowa da matsayin da za ka dawo a kai, a sa a fayil ɗinka. Oga yana iya barin wurin kafin ka dawo, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba. Ka tambaya kuma inshorar lafiyar da kamfani ke yi wa iyalinka za ta ci gaba ko za a yanke, don fansho dai ka san ba albashi ba a zuba komai.

Dan_Fagge:
Tikitin da kake magana gaskiya ne akwai shi, ƙawancen kamfanonin jiragen sama ne ke sayarwa, Star Alliance suna yi, su ne su Ethiopian da Turkish da EgyptAir, oneworld ma suna yi su ne su Qatar da Royal Air Maroc. Ƙa'idarsa ka fuskanci gabas ko yamma ka miƙe, ka tsallaka Atlantika sau ɗaya Pasifik sau ɗaya, tashi bai wuce 16 ba, cikin shekara guda ka dawo ƙasar da ka tashi. Ga Bature yana da kyau. Kai kuwa biza ɗaya ta faɗi a tsakiya sai an sake lissafin hanya ka biya kuɗin canji, kuma ba ya tafiya da tsarin dawowa gida sau uku. Saya ɗaya-ɗaya, amma kullum da tikitin fita a hannu, don tun a kantar filin jirgi za su tambaye ka.

Kuɗi kar ka bar su a naira. Mu da muka ga 2023 ba sai an faɗa mana ba, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yuni, farkon 2024 ta haura 1,500, wanda ya tara na tafiya a naira ya wayi gari da kashi ɗaya cikin uku. Buɗe asusun dala, karɓi kati biyu daga banki daban-daban, ɗaya a jikinka ɗaya a ƙasan jaka, ka riƙe tsaba kaɗan sababbin takardu don a wurare da yawa ƴan canji ba sa karɓar tsohuwar dala ko mai tabo. In tsabar ta wuce dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastan. Layinka na waya kuma a kunna masa romin, ta nan banki ke turo lambar sirri, in ya daɗe ba a amfani da shi rufewa suke yi har su sayar wa wani.

Katin allurar cutar shawara kar ka saya a bayan fage, je Port Health, ofishin lafiya na filin jirgi, a yi maka allurar gaske, sai bayan kwana 10 take fara aiki amma tun 2016 sau ɗaya ta isa har abada. Indiya ba sa wasa da shi, killace mutum suke yi. Maganin da kake sha kullum ka tafi da takardar likita, duk mai kodin ko tiramadol ka bar shi a gida, kuma ko ɗan uwanka ne kar ka riƙe wa kowa saƙo a ƙunshe.

Malam_Jibo:
Allah ya kai ka lafiya. Ka duba inda azumi zai same ka, duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, ni dai zan so ya same ka a gida ko a Alƙahira ko Istanbul, ba Japan ba inda neman halal kansa aiki ne. Ka sake bitar sallar ƙasaru, a wajenmu Malikiyya in ka yi niyyar kwana huɗu a gari to cikawa za ka yi. Indiya kuma ka kauce wa Yuni zuwa Satumba, damina ce mai ƙarfi.

In Brazil ta yiwu kar ka tsaya Sao Paulo, ka ƙarasa Salvador a jihar Bahia. Can aka kai Hausawa bayi da yawa, kuma a Janairun 1835 cikin watan azumi bayi Musulmi suka yi bore, mafi yawa Yarbawa da Hausawa a cikinsu, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Kakana da ƙafa ya je Makka ta Chadi da Sudan, shekara bakwai, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noman auduga ya ƙara gaba, har ya rasu in ya fara ba da labarin hanyar nan ba mai tashi daga tabarma.

Bako_Abuja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Hanif mun yi maganar da ita amma ba mu zauna a kan lissafi ba, yau da dare za mu yi, Asabar kuma ina Zariya in sha Allah. Na karɓi shawarar zango uku, fasfo zan fara da shi Litinin. Matafiyi77 tambaya ɗaya, wasiƙar wurin aiki da ake haɗawa da takardun biza, in an rubuta hutu ne ba albashi ba zai ɓata min ba?

Matafiyi77:
A rubuta gaskiya, hutu ba albashi daga ranar kaza zuwa ranar kaza kuma zai dawo bakin aikinsa. Ranar dawowar nan ita suke nema. Ka haɗa da bayanan asusu na wata shida, kuma kar wani ya zuba maka kuɗi masu yawa ana saura sati ka kai takardu, suna ganewa.