Abin da ma'aikatan banki suka shawarci sababbin shiga

Yawancin ma'aikatan banki a Najeriya da suka tofa albarkacin bakinsu kan shawarar da za a ba sababbin shiga aikin sun fi kokawa da adadin kuɗin ajiya da ake ɗora wa ma'aikaci ya nemo kowane wata. Shawararsu ita ce ka riƙa rubuta kowane kwastoman da ka kawo da ranar da ya buɗe asusu, domin ranar tantance aiki manaja lambobi yake dubawa, ba gumin da ka zubar ba. Kada kuma ka ranto kuɗin ɗan'uwa ka zuba don cike gurbi. In an gano, kai kaɗai za ka sha.

Masu karɓa da biyan kuɗi a kan kantar banki sun ce ka ƙirga kuɗi sau biyu, tunda giɓi daga albashinka ake cirewa. Kalmar sirrinka ta kwamfuta kuwa ko oga bai kamata ya sani ba.

Ma'aikatan kwantiragi, waɗanda a ganina su ne aka fi zalunta, an ce su karanta takardar ɗaukarsu da kyau, su tabbatar kamfanin da ya ɗauke su yana zuba musu aƙalla kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na albashinsu a asusun fansho bisa dokar fansho ta 2014. In an kore su ba bisa ƙa'ida ba, akwai ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan bankuna da inshora (NUBIFIE) da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.