Abin da aka tattauna kan buɗe kullen waya

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan ko mai waya yana da haƙƙin buɗe kullen da kamfani ya sa wa manhajar wayarsa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa wanda ya sayi waya da kuɗinsa yana da haƙƙin sauya manhajar cikinta. An tuna cewa tun 2010 Amurka ta halatta ɓalle kullen manhajar waya, kuma a 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa Apple ya ƙyale shagunan manhaja na wasu kamfanoni su yi aiki a wayoyinsa a ƙasashenta.

2. Halatta abu daban, sauƙaƙa shi daban. Huawei ya daina ba da lambar buɗe butloda (manhajar da ke tayar da waya, wadda sai an buɗe ta ake iya ɗora wata manhajar) a 2018, wayoyin Pixel na Google kuwa har yanzu ana buɗe yawancinsu.

3. Nan aka fi jan kunne. Buɗe butloda yana goge komai, hotuna da lambobi, don haka a kwafe su tukuna. A wayoyin Samsung, alamar Knox, wato tsarin tsaron da ke nuna an taɓa manhajar, in ta faɗi ba ta tashi, ko an mayar da manhajar asali, kuma Secure Folder, ma'ajiyar sirri ta cikin wayar, ya tafi ke nan. Manhajojin banki da yawa ma ba sa yarda su buɗe a wayar da aka yi wa rutin, wato aka buɗe wa mai ita cikakken iko a kan manhajarta.

4. An rabu kan garanti. Wasu sun ce wanda ya taɓa manhaja ya ɗauki nauyinsa. Wasu suka ce ina ruwan manhaja da makunnin da ya lalace? Ni ina tare da waɗannan na biyun.

5. Kan tsaro ma ba a daidaita ba, amma mafi yawa sun ce wayar da kamfani ya daina sabunta mata manhaja, gara a bar mai ita ya ɗora LineageOS, wata manhajar Android da ba ta kamfanin wayar ba, da ya jefar da lafiyayyar waya.