Neman shawara: zan kai mahaifiyata Ayutthaya, yini ɗaya zai isa?

Ɗan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Tailan. A watan Afrilu in Allah ya kai mu zan raka mahaifiyata Bangkok ganin likita saboda ciwon gwiwa, kuma tsakanin gwaji da karɓar sakamako akwai kwanakin da za mu yi zaune haka nan a masauki. Ƙanwata ce ta nuna mata hoton wani kan gunki da saiwoyin bishiya suka naɗe a garin Ayutthaya, tun ranar ta kafe sai ta gani da idonta. Yini ɗaya zai ishe mu? Wace hanya ta fi sauƙi? Za a samu abincin halal da wurin sallah? Sannan zuciyata na ɗar-ɗar da batun shiga wuraren bautarsu. Hajiya ta haura sittin, ba ta jure doguwar tafiya a ƙasa.

Ɗan Pratunam:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Garin bai da nisa, kamar kilomita 80 ne arewa da Bangkok. Mu 'yan sari jirgin ƙasa muke hawa don kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ban ba ka shawarar ka hau da ita ba. Taragon masu ƙaramin ƙarfi fanka ce kawai, kuma in kun sauka tashar tana ƙetaren kogi ne, sai ku gangara ku shiga ƙaramin jirgin ruwan fito. Gwiwar da ake nema wa magani ba za ta so wannan ba. Ɗauki shatar mota mai sanyi tun daga masauki, zuwa da dawowa, direban ya riƙa jiranku a kowace ƙofa. Tuk-tuk ɗin garin kamar a-daidaita-sahu ne da aka danne wa rufi, sai an sunkuya ake shiga. In dole ta sa za ku hau, ku gama ciniki a kan awa kafin ku zauna.

Malamin Firamare:
Malam Ɗan Hajiya, yini ɗaya zai isa in ba ka yi haɗama ba. Kangayen garin nan sun fi ƙarfin a zagaye su duka, domin Ayutthaya ce babban birnin masarautar Siyam, wato tsohon sunan Tailan, tun daga 1350 har 1767, lokacin da sojojin Bama (Myanmar a yau) suka ci ta da yaƙi suka ƙona. Tsohon birnin tsibiri ne, koguna uku sun kewaye shi: Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi. Su ne ganuwarsa, su ne kuma hanyar fataucinsa, shi ya sa har yau akwai wuraren da unguwannin Japanawa da 'yan Fotugal da 'yan Holan suka zauna a gaɓar ruwa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1991.

Da ni ne, wurare uku kawai zan kai ta. Ku fara da Wat Mahathat (wat shi ne wurin bautar mabiya Buddha) da an buɗe ƙofa, nan ne kan da take son gani yake, kuma bishiyar ba ta da nisa da mashiga. Za ku ga gumaka jere a gindin katangar jan bulo, yawancinsu babu kawuna. Daga nan Wat Phra Si Sanphet, wanda ke cikin harabar tsohuwar fada, mai hasumiyoyi uku masu tsini da aka ajiye tokar sarakuna uku a ciki. Na ƙarshe sai la'asar sakaliya: Wat Chaiwatthanaram, wanda Sarki Prasat Thong ya gina a 1630 a bakin Chao Phraya. Idan rana ta yi sanyi bulon kan yi ja wur, kuma Hajiya ba ta buƙatar hawa ko ɗaya, daga kan ciyawa za ta ga komai. Wat Yai Chai Mongkhon yana da kyau, amma daɗinsa a hawa matakala yake, ku bar shi.

Tsakar rana kuma ku fake a gidan tarihi na Chao Sam Phraya. Can aka ajiye kayan zinaren da aka tono a Wat Ratchaburana a 1957, bayan ɓarayi sun riga hukuma shiga ramin da aka ɓoye su. Kar dai ku je ran Litinin, a rufe yake.

Abu Sumayya:
Ni dai gaskiya ban ga abin da Musulmi zai je nema a gidan gumaka ba. Ku zauna a masauki ta huta, lafiya kuka je nema.

Malamin Firamare:
Akhi, ba na ba da fatawa, wannan sai ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Amma a san abin da ake magana a kai. Guda ukun da na lissafa kangaye ne a ƙarƙashin hukumar kayan tarihi, tikiti ake saya a shiga. Waɗanda ake bauta a cikinsu kullum daban suke, irin su Wat Phanan Choeng mai ƙaton gunki na zaune, inda ake cire takalmi, ga turare ga masu durƙuso. Wanda ransa bai kwanta ba sai ya wuce wannan. Sannan garin yana da tsohon tarihin Musulunci. Wani ɗan kasuwa Bafarishe, Shaikh Ahmad na birnin Ƙum da ke Iran, ya zo a farkon shekarun 1600, ya samu matsayi a fada, shi ne kuma na farko da ya riƙe muƙamin Chularajmontri, wato shugaban Musulmin ƙasar. Kabarinsa na nan cikin Jami'ar Rajabhat ta garin.

Maman Biyu:
Ɗan uwa, duk sun yi maganar gini sun manta da rana. Afrilu shi ne watan da ya fi zafi a can, zafi ne mai gumi, kuma kangayen nan fili ne fetal, bulo na mayar da zafin a fuska. Ka tafi da lema da ruwa da yawa, in da hali har da 'yar kujerar nan mai naɗewa. Hajiya ta sa hijabi marar nauyi da takalmi mai kama ƙafa, don ƙasan ba daidai yake ba. Shigarmu ba matsala, su dama kafaɗa da gwiwa suke so a rufe.

A wajen bishiyar akwai doka: mai ɗaukar hoto da kan sai ya tsuguna ko ya zauna, kar kansa ya fi na gunkin tsawo, kuma mai gadi na nan da usur. Tsakanin gwiwarta da abin da zuciyarka ke raya maka, ku tsaya gefe ku ɗauki bishiyar ita kaɗai, ba wanda zai ce muku uffan.

Abinci kuwa a yi hattara. Taliyar miyar da garin ya yi suna da ita, kuay tiew ruea, galibi da naman alade da jini ake yin romonta. Ko ka ce "mai sai mu", wato kar a sa alade, romon dai na tukunya ɗaya ne. Nemi shagon da ke da tambarin halal ko alamar wata da tauraro, suna da yawa, musamman kudancin gari wajen unguwannin Musulmi. Masallatai ma haka, ka ce wa direba "masjid" zai gane. Kuma ka saya mata roti sai mai a titin U Thong wajen asibiti: wani lallausan fanke ne siriri da ake naɗe alawa mai kama da zare a ciki, Musulmin garin ne suka shahara da yin sa. In likita ya hana ta sukari, to kar ma ta gan shi, ɗaya ba ya isa.

Ɗan Pratunam:
Af, na manta. Wace rana za ku je? 13 zuwa 15 ga Afrilu bikin Songkran ne, sabuwar shekararsu, ana watsa wa kowa ruwa a titi, hanya ta cushe, shatar mota ta yi tsada.

Ɗan Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan 20 ga wata za mu sauka, kun ga mun tsallake bikin. Na tsayar da shawara: shatar mota, Wat Mahathat da na fada da safe, azahar a masallaci, gidan tarihi, sai bakin kogi da yamma. Batun malam zan yi shi wannan Juma'ar. Maman Biyu, keken guragu zai iya shiga wuraren? Ina tunanin aro a masauki.

Maman Biyu:
Ka tafi da shi. A manyan hanyoyin cikin zai gangara, inda bulo ya farfashe kuma sai ta sauka ka riƙe mata hannu. Ka dai faɗa wa mai motar tun wajen ciniki, ya zo da wadda but ɗinta zai ɗauka.